Zaɓen Jami'a a Ƙasashen Jamusanci Domin Karatun Injiniya



Wataƙila wasu za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan karatun injiniya. To, dalilina shi ne, duk wanda ya yi niyyar zuwa Jamus ko Ostiriya ko Suwizalan neman wannan ilmi, abin da zai fara tare masa hanya harshe ne, tun kafin lissafi ya sami damar gwada shi. Harshe kuwa sana'armu ce.

Bari mu fara da gida, domin buƙatar gida ita ya kamata ta zaɓa wa ɗalibi makaranta. Mu ɗauki ƙasar Jibiya, daga ƙauyuka irin su Farfaru har zuwa bakin iyakarmu da Nijar, inda hanyar Katsina ke wucewa Maraɗi. A nan ne aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a kan gulbin Gada cikin 1991, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, domin noman rani da ruwan sha. Ruwan nan sai an ja shi da injuna kafin ya kai gonaki, duk ranar da injin ya tsaya kuwa, manomi na kallon ruwa shukarsa na bushewa. A nan ne kuma ambaliya ta ci rayukan mutane da dama a watan Yuli na 2018. Sannan a farkon 2021 aka ɗora harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wadda aka tsara ta ratsa ta Katsina da Jibiya. Kamfanin waje yakan gina abu ya tattara kayansa ya tafi. Kula da shi shekara talatin ko hamsin aikin 'ya'yan ƙasa ne. Saboda haka tambayar da ɗalibinmu zai fara yi wa kansa ita ce, wanne daga cikin waɗannan ayyuka yake so ya dawo ya riƙe: ruwa, ko hanya, ko lantarki, ko injuna?

Idan ya amsa wannan, sai ya san cewa makarantun injiniya a Jamus iri biyu ne, kuma rashin sanin bambancinsu ya jefa ɗalibai da yawa cikin wahala. Iri na farko su ne jami'o'in fasaha, waɗanda tara daga cikin manyansu suka haɗa ƙungiya mai suna TU9, wato na Aachen, Balin, Braunschweig, Darmstadt, Dresden, Hannover, Karlsruhe, Miyunik da Stuttgart. Waɗannan gidajen bincike ne. Shekaru biyu na farko kusan duk lissafi ne mai zurfi da ka'idojin kimiyya, ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, babu mai kiran suna, babu mai tambayar dalilin fashi, sai ranar jarrabawa kowa ya ga abin da ya shuka. A mafi yawan darussa an ƙayyade sau nawa mutum zai faɗi jarrabawa ɗaya, galibi sau uku, wanda ya ƙure wannan kuwa yakan rasa damar ci gaba da wannan fanni a sauran jami'o'in ƙasar. Iri na biyu su ne makarantun da Jamusawa ke kira Fachhochschule, wato jami'o'in ilmin aiki. Azuzuwansu ƙanana ne, doka ta buƙaci farfesoshinsu su kasance sun yi shekaru suna aiki a wajen jami'a, kuma da yawa daga cikinsu sukan tura ɗalibi kamfani ya yi zango guda cur yana aiki da hannunsa.

Mu a nan mun saba ɗaukar kwalejin fasaha a matsayin ƙanwar jami'a, don haka da mun ji wannan bayani sai mu ce ta farko ce ta manya. Wannan awo namu ne, bai dace da can ba. Digirin farko da na biyu na makarantun nan biyu matsayinsu ɗaya a doka. A ganina, wanda burinsa ya dawo ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero, ya yi bincike har digirin dakta, to jami'ar fasaha ce wurinsa. Amma wanda zai dawo ma'aikatar ayyuka ko hukumar ruwa, ya tsaya a kan injin ban-ruwa a Jibiya, sau da yawa makaranta ta biyu ta fi masa amfani, ko da danginsa ba su taɓa jin sunan garin da take ba.

Yanzu sai harshe. Kusan duk karatun digirin farko na injiniya a waɗannan ƙasashe da Jamusanci ake yin sa. Kafin a ɗauki mutum sai ya ci ɗaya daga cikin jarrabawoyin harshe da aka amince da su, irin su TestDaF da DSH, a mataki mai nisa, wanda ba a kai shi da karatun wata uku. Cibiyar Goethe da ke Ikko tana koyarwa tana kuma shirya jarrabawa, amma daga Katsina zuwa Ikko tafiya ce, ya kamata a sa kuɗinta a lissafi. Ban da wannan, ba kowace takardar gama sakandare ce take kai mutum aji ɗaya na jami'a kai tsaye ba. Wanda tasa ba ta kai shi ba, yawanci sai ya yi shekara guda a makarantar share fage da ake kira Studienkolleg, a sashen masu nufin fasaha, ya ci jarrabawar fita. Ita ma da Jamusanci ake koyarwa. A matakin digiri na biyu ne ake samun darussa da yawa da Turanci, wannan ya sa nake ganin hanya mafi sauƙi ga yawancin 'ya'yanmu ita ce su yi digirin farko a Zariya ko Kano, su riƙa koyon harshen a gefe, sannan su tafi. Amma kada wanda ya sami darasi da Turanci ya ce ya tsira. Makanikin da zai nuna masa aiki a masana'anta, da mai gidan haya, da ma'aikacin ofishin baƙi, duk da Jamusanci za su yi masa magana, kuma a bakin makanikin nan ne rabin ilmin da ya je nema yake.

Kada kuma mu ɗauka wannan harshe ya fi ƙarfinmu. Hulɗarmu da masu shi tsohuwa ce. Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo Katsina cikin 1851 yana jin Hausa, ya kuma koma Turai cikin 1855 tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda labarinsa ya shiga cikin littafin Magana Hausa na Schön. Gidan rediyon Jamus ya buɗe sashen Hausa tun 1963. Idan su sun zauna sun koyi lanƙwasar aikatau ɗinmu da karin sautinmu, ban ga abin da zai hana yaron Jibiya, wanda ya tashi yana jin Hausa da Turanci da ɗan Faransancin kasuwar Maraɗi, ya koyi nasu ba.

Batun kuɗi kuwa yana buƙatar gyara, domin maganar da ta bazu cewa karatu kyauta ne a Jamus rabin gaskiya ce. A yawancin jihohi jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu, sai 'yan ɗaruruwan Yuro na hidima a kowane zango. Amma jihar Baden-Württemberg, inda Karlsruhe da Stuttgart suke, ta sa wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba Yuro 1,500 a zango tun 2017, jami'ar fasaha ta Miyunik kuma ta fara karɓar Yuro 2,000 zuwa 6,000 a zango daga 2024. Babban nauyin ma ba nan yake ba. Kafin a ba da biza sai mutum ya nuna abin da zai ci da shi, galibi ta hanyar ajiye kuɗi a wani asusu da ba a cire masa sai kaɗan-kaɗan kowane wata, wanda a 2024 aka ƙayyade shi Yuro 11,904 na shekara guda. An yarda ɗalibi ya yi aiki kwana 140 a shekara tun daga 2024, sai dai wanda ya dogara da wannan a shekarar farko, lissafi zai kayar da shi. Haya a Miyunik ta fi ta garuruwan gabas irin su Dresden ko Freiberg tsada nesa ba kusa ba, alhali Freiberg tana da makarantar ma'adinai da aka kafa tun 1765. Hukumar DAAD tana ba da tallafi, amma mafi yawansa na masu digiri na biyu da na uku ne.

Ostiriya tana da jami'o'in fasaha a Biyana da Graz, da ta ma'adinai da ƙarafa a Leoben, kuɗin zango ga irinmu kuwa ya ɗan haura Yuro 700. Suwizalan tana da ETH a Zurik, wadda aka kafa cikin 1855, sunanta ya cika duniya, amma shigarta wuya, zaman garin kuma sai mai ƙarfi ko mai cikakken tallafi.

Saura magana ɗaya ga ma'aikatan da ke cikin zauren nan, musamman masu tantance takardun neman tallafi. Bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999 yawancin jami'o'in can sun bar tsohon digirinsu na Diplom, suka koma digirin farko na shekara uku ko uku da rabi, sannan na biyu. Namu na injiniya kuwa shekara biyar ne, kuma ba wanda zai sa hannu a kan aiki a matsayin injiniya a Nijeriya sai hukumar COREN, wadda aka kafa cikin 1970, ta yi masa rajista. Saboda haka idan jiha za ta ɗauki nauyin yaro, ta yi lissafin matakan nan biyu tare, ta ƙara shekarar harshe da ta share fage, ta kuma rubuta wa hukumar ta tambayi matsayin digirin tun yaron bai hau jirgi ba.