Bukukuwan Jiragen Ruwa a Amurka: Ribarsu da Nauyinsu

Wasu biranen Amurka da ke gaɓar kogin Ohio sun daɗe da mayar da tarihin jiragensu na ruwa hanyar samun kuɗin shiga, ta shirya bukukuwan da ke janyo baƙi daga nesa.

Idan za a iya tunawa, a shekarar 1811 ne jirgin farko mai aiki da tururi ya tashi daga Pittsburgh, ya bi Ohio da Mississippi zuwa New Orleans. Irin waɗannan jirage ne suka riƙa jigilar auduga, hatsi da fasinjoji, har biranen Cincinnati da Louisville suka bunƙasa. Bayan da jirgin ƙasa ya ƙwace kasuwar, sai ƙalilan suka rage, su ma don yawon shaƙatawa.

A shekarar 1962, hukumar gundumar Jefferson ta sayi wani tsohon jirgi ƙirar 1914 a gwanjo kan dala dubu 34, ta raɗa masa suna Belle of Louisville. Shekara guda bayan haka ya fara tsere da jirgin Delta Queen, gasar da ta zama wani ɓangare na shagulgulan makon sukuwar dawaki ta Kentucky Derby. Ita kuwa Cincinnati, a 1988 ta ƙaddamar da bikin Tall Stacks domin murnar cikarta shekara 200, inda jirage daga garuruwa daban-daban suka yi jerin gwano a gaɓar birnin.

Masu otal-otal, gidajen abinci, 'yan tasi da makaɗa su ne kan gaba wajen cin moriyar irin wannan taro. Sai dai kuma ɗawainiyar na da yawa: hayar jirage, inshora, tsaro da gyaran tsofaffin injuna. Kuɗin tikiti kaɗai ba ya isa, dole sai kamfanoni da hukumomi sun tallafa. Rashin irin wannan tallafi na daga cikin dalilan da suka sa ba a sake yin Tall Stacks ba tun 2006.

Bugu da ƙari, akwai batun doka. A 2008 Delta Queen ya daina ɗaukar fasinjojin kwana, bayan ƙarewar wa'adin sassaucin da aka yi masa daga dokar kariya ta 1966, saboda ɗakunansa na katako ne. Tseren Louisville dai ya ɗore, ganin cewa jirgin mallakar hukuma ne, gasar kuma ta jingina da bikin da ya riga ya tara jama'a.