Daga Allo Zuwa Kanji: Yaranmu Masu Shirin Jarrabawar Japananci

A gidajen Hausawan Libreville yau, ba abin mamaki ba ne a ji yaro ɗan shekara 15 yana gaisuwa da Japananci, alhali ba wanda ya koya masa a lakwal. Waya ce malamarsa. Daga kallon Naruto da One Piece yake tsintar kalmomi, har wata rana ya ce wa baba yana so ya zauna jarrabawa. Uban da ya yini tsaye a kasuwar Mont-Bouët sai ya ce shiririta ce, a je a yi karatun bak. Yana da gaskiyarsa. Amma kafin a yanke hukunci, yana da kyau a san mece ce jarrabawar, da kuma inda za ta iya kai yaro.

Sunanta JLPT. An fara ta a 1984, kuma tun 2010 matakinta biyar ne, daga N5, na 'yan koyo, zuwa N1, na ƙwararru. Ana yin ta ranar Lahadin farko ta Yuli da ta Disamba, kodayake wasu cibiyoyin sau ɗaya suke yi a shekara. A Afirka akwai cibiyoyi a birane irin su Alƙahira, Nairobi, Accra da Abidjan. Wanda ke Gabon sai ya fara leƙawa ofishin jakadancin Japan da ke nan Libreville, ya ji inda zai zauna da lokacin rajista tun kafin ya sayi littafi, domin kuɗin tafiya na iya fin kuɗin jarrabawar.

Ba a magana a cikinta, ba a kuma rubuta insha'i. Zaɓen amsa ne daga farko har ƙarshe. A N5 maki 180 ne, ana cin ta da 80. Sai dai akwai tarko: dole a samu aƙalla 38 cikin 120 a ɓangaren kalmomi da nahawu da karatu, da 19 cikin 60 a ɓangaren saurare. Wanda ya faɗi ɓangare ɗaya ya faɗi duka, komai yawan makinsa.

Abin da ke tsorata mutane shi ne rubutu. Akwai hiragana, baƙaƙe 46, da katakana, su ma 46, sannan kanji, alamomin da aka aro daga Sin. Gwamnatin Japan ta jera 2,136 na amfanin yau da kullum, amma mai N5 kimanin 100 yake buƙata, da kalmomi wajen 800.

To, a nan ne ɗan Bahaushe yake da jarin da bai san yana da shi ba. Yaron da ya yi makarantar allo ya riga ya koyi baƙaƙen da ba na boko ba. Ya saba da rubutawa, a wanke, a sake rubutawa, da tilawar safe har abu ya zauna. Haka yaran Japan suke koyon kanji: da hannu, kullum kaɗan-kaɗan, kowane zane bisa jerinsa.

Kunnensa ma a shirye yake. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, irin namu. Bahaushe ya san garin da ake zama a ciki daban yake da garin tuwo, jan wasali ne ya raba su. Haka a Japananci, obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka. Ya san mana ba manna ba ce. Su ma kite na nufin zo, kitte kuma kan sarki na wasiƙa. Faransanci bai damu da irin wannan bambanci ba, shi ya sa abokan ajinsa da suka tashi da shi kaɗai suke shan wahala a wurin da shi zai wuce salin-alin.

Inda zai yi gumi shi ne ginin jimla. Su aikatau a ƙarshe yake zuwa: maimakon "na ci shinkafa", sai su ce "ni shinkafa ci". Ga kuma matakan ladabi. Maganar jaruman fim ta faɗa ce da ta abokai, ita kuwa jarrabawa da harshen girmamawa take farawa. Wanda ya dogara da fim kaɗai zai sha mamaki.

Kayan karatu ba sai an kashe sefa da yawa ba. Gidan rediyon NHK yana da darussan 'yan koyo kyauta da Faransanci a intanet, hukumar Japan Foundation ma tana da dandalin Minato. Littafin Minna no Nihongo yana da bayanin nahawu da Faransanci. Rabin awa kullum bayan sallar asuba ya fi awa biyar ranar Lahadi. A gama hiragana da katakana a watan farko, a daina rubuta Japananci da boko.

Me yaro zai samu? Gwamnatin Japan tana ba da guraben karatu na MEXT ta hannun ofisoshin jakadancinta. Wanda ya samu na digirin farko, za a biya masa kuɗin makaranta da na jirgi, a ba shi yen 117,000 duk wata, ya kuma yi shekara guda yana koyon harshen kafin ya shiga jami'a. Masu tunanin inda zai yi salla su sani akwai masallaci a Kobe tun 1935, ga kuma babban masallacin Tokyo.

Amma fa a lura: jarrabawar neman gurbin ta haɗa da Ingilishi da lissafi, kuma ana duba sakamakon sakandare. Takardar N5 ba ta rufe ramin bak. Saboda haka shekarar BEPC da shekarar bak ba lokacin ɗora wa kai JLPT ba ne; ajin seconde, da ke bin BEPC, ya fi dacewa. Uba na iya kafa sharaɗi: muddin makin lakwal bai sauka ba, a bar yaro da kanjinsa, in ya sauka a ajiye sai hutu.