Makarantar likitoci ta matso kusa da mu

Ƴan uwa manoma da makiyaya na gundumar Madarunfa, yau za mu ba ku tarihin makarantar da gwamnati take horar da likitoci a jaharmu ta Maraɗi. Sanin wannan tarihi zai amfane mu, domin ƙofar makarantar a buɗe take ga ƴaƴanmu.

Daga Dakar zuwa Yamai

A zamanin mulkin Faransa babu makarantar likitoci a ƙasar Nijar. A shekarar 1918 Turawa suka buɗe guda ɗaya a birnin Dakar na ƙasar Senegal, domin duk ƙasashen da suke mulki a Afirka ta Yamma. Yaron da ya yi fice a karatu, can ake aika shi. Tafiya ce mai nisa, kuma ƙalilan ne suka samu zuwa. Shi ya sa lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960, likitoci ƴan ƙasa ba su da yawa.

A 1971 gwamnati ta kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai. A 1973 cibiyar ta zama jami'a, a 1974 kuma aka buɗe mata sashen koyon aikin likita. Ita ce ake kira Jami'ar Abdu Mumuni tun 1992. Shekaru da dama ita kaɗai ce mai yaye likitoci a ƙasar nan. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, kuma ba kowane uba ne yake iya ɗaukar nauyin ɗansa a babban birni ba.

Jami'ar Maraɗi

A 2010 gwamnati ta kafa sababbin jami'o'i uku: a Maraɗi, da Tawa, da Damagaram. Ta Maraɗi ita ce aka sa wa sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyya ɗan asalin Maraɗi, wanda ya riƙe ministan ilimi, ya rasu a 1998. Bayan ƴan shekaru aka buɗe mata sashen ilimin kiwon lafiya. A nan ne ake koyon aikin likita.

Karatun yana ɗaukar shekara bakwai ko fiye. Da farko ɗalibi yakan koyi yadda jikin mutum yake da yadda gaɓoɓi suke aiki. Daga nan sai ya koyi cututtuka da magungunansu. Sannan a kai shi asibiti, ya riƙa duba marasa lafiya a gaban malamansa. A ƙarshe yakan rubuta littafin bincike, ya kare shi a gaban manyan malamai, ya yi rantsuwa cewa zai riƙe amanar marasa lafiya, ba zai tona asirinsu ba.

Mene ne amfaninta gare mu?

Mun san halin da muke shiga kowace damina. Masassarar cizon sauro takan kwantar da yara daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tamowa kuma ta biyo baya. Ba mu manta da ciwon amai da gudawa na 2018 ba, wanda ya fi tsanani a gundumarmu. A irin wannan lokaci asibitin Madarunfa da na Ɗan Isa sukan cika, ma'aikata su yi kaɗan.

Likitan da ya tashi a cikinmu ya san rijiyar da muke sha da tuwon da muke ci. Yana jin Hausa, ba ya buƙatar tafinta, tsohuwa za ta faɗa masa ciwonta da bakinta. Haka kuma mata da yawa suna jin nauyin namiji ya duba su, har sukan ɓoye ciwo sai ya yi tsanani. Maganin wannan shi ne mu samu likitoci mata daga cikin ƴaƴanmu.

Abin da ya rage gare mu

Hanyar tana da tsawo: shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, sannan yaro ya ci jarrabawar BAK a fannin kimiyya kafin ya nemi shiga. In aka haɗa da karatun likita, shekara ashirin ke nan. Amma manomin Maraɗi ya san haƙuri. Mu ne muke barin tohon gawo a gona, mu yi masa sassabe, mu kare shi daga awaki, sai bayan shekaru mu ga amfaninsa.

Saboda haka:

1. Mu sa yara makaranta, maza da mata, da zarar shekarunsu sun kai.
2. Kada mu fitar da su domin noma, ko girbi, ko talla.
3. Mu bar yarinya mai ƙoƙari ta ƙare karatunta, kada a katse shi da aure.
4. In mun tarar da ɗalibi mai koyon aiki a asibiti, mu ba shi haɗin kai, domin malaminsa yana kula da abin da yake yi.

Gwamnati ta kawo makaranta kusa. Kai yara cikinta aikinmu ne. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.