Kafin ka gina rijiya, nemi takarda

Ɗan'uwa mai karatu, wasu na cewa dokar gini ta mutanen birni ce, a daji kowa sarkin kansa ne. A ƙasar Dakoro ba haka ba ne, balle ga maganar rijiya.

Tun 1961 gwamnati ta ja iyakar noma: kudu gonaki, arewa wurin kiwo. Iyakar nan ta ratsa ƙasarmu ta wajen kwarin Tarka. In kana son gina rijiya arewa da ita, dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce sai da izini. Kai buƙatarka wurin Kofo, wato hukumar filaye da ferefe ke shugabanta. Za a ji ta bakin sarakuna da mazauna wurin kafin a ba ka takarda.

Dokar ta kuma yanka tazara: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga na burtsatse. Mi ya sa? Inda ruwa yake, nan bisashe ke taruwa. In rijiyoyi suka yi kusa da juna, ciyawa ta ƙare tun bazara ba ta zo ba, wuri ya zama fako, sai rigima.

Ko da takarda a hannu, dajin bai zama naka ba. Kai ke fara shayarwa, amma ba a hana baƙo ruwa.

Wanda ya sayar da sa ya biya magina ba izini, ranar gardama ba shi da shaida. Mai tambaya ba ya ɓata. Karanta wa maƙwabcinka wannan.