Ko Kun Sani? Abincin Azumi a Addis Ababa

A Addis Ababa, babban birnin Habasha, wanda ba ya cin nama ba ya wahalar neman inda zai ci abinci. Mabiya Cocin Orthodox na ƙasar suna azumi kusan duk Laraba da Juma'a, da kuma kwana 55 kafin Ista. A lokacin ba nama, ba madara, ba man shanu, ba ƙwai.

Shi ya sa gidajen abinci suke tanadar beyaynetu: faffaɗar gurasa mai ɗan tsami ta garin tef da ake kira injera, an jera mata miyar shiro, da miyar misir mai jan yaji, da ganye da kabeji. Da hannu ake gutsura ana dangwala.

Baƙo ya ce "yetsom" kawai, wato na azumi, za a kawo masa.