Na'urar Da Ke Tsaron Zafin Gida A Ƙasashen Sanyi

Mu da mu ke neman inuwa yawancin watannin shekara, da wuya mu gane cewa akwai ƙasashen da magidanci ya ke biyan kuɗi masu yawa domin ya ɗumama ɗakinsa. Amma haka abin ya ke a Ingila, da Jamus, da Kanada, da arewacin Amurka. A can, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, sanyi yakan kai inda ruwa ke daskarewa cikin bututu. Gidan da ba wuta, tsoho da jariri suna iya mutuwa a ciki. A ƙasashen Tarayyar Turai, fiye da rabin makamashin da a ke ƙonewa a gidaje, wajen ɗumama ɗakuna ya ke tafiya.

Saboda haka mutanen can suna da wata ƙaramar na'ura a jikin bango, ba ta fi tafin hannu ba. Sunanta tamostat. Mun ga ya kamata mu ba ku labarinta, gama ita ce kuma ke cikin injin ƙyanƙyasar ƙwai da waɗansu ƙungiyoyinmu su ke amfani da shi.

Yadda ta ke aiki

A yawancin gidajen Turai akwai babbar tukunya da a ke hura wa wutar gas ko ta mai. Ruwan zafi yana fita daga cikinta, ya bi bututu ya zaga ɗakuna, ya komo. Aikin tamostat shi ne ta auna zafin ɗaki. In maigida ya sa ta a digiri 20 na ma'aunin Santigiret, da zarar zafi ya sauka ƙasa da haka sai ta kunna wuta. In ya kai, ta kashe.

Tsohon samfuri yana da ƙarfe iri biyu a manne, kamar tagulla da baƙin ƙarfe. Da sun ji zafi, ɗaya yakan miƙe fiye da ɗaya, sai sandar ta lanƙwashe ta raba waya. In ta huce ta koma ta haɗa. Na yanzu da ɗan ma'aunin lantarki su ke aiki, amma dabarar ɗaya ce.

Abin ya daɗe. Wajen shekara ta 1620 wani mutumin Holan mai suna Cornelis Drebbel, wanda ya zauna a Ingila, ya ƙera akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai gyara zafin kansa da zaiba, wato ruwan ƙarfen nan na cikin tsohon ma'aunin zafi na asibiti. A 1883 wani malamin makaranta a jihar Wisconsin ta Amurka, Warren Johnson, ya gaji da azuzuwan da ke yin zafi ainun ko sanyi ainun, ya ƙera tamostat ta lantarki. Bayansa kaɗan Albert Butz a birnin Minneapolis ya yi wadda ke buɗe ƙofar murhun gawayi da kanta. Daga aikinsa ne kamfanin Honeywell ya samo asali.

Mai agogo

Tamostat ta farko ba ta san dare ko rana ba. Ko mutane suna gida, ko sun tafi aiki, zafi ɗaya ta ke riƙewa. Sai aka haɗa ta da agogo, domin maigida ya tsara mata aikin yini duka tun da wuri.

Ga misali. Da ƙarfe 6 na safe, kafin yara su tashi, ta kai gida digiri 20. Da ƙarfe 8, kowa ya fita, ta sauko 16. Da ƙarfe 5 na yamma ta koma 20. Da ƙarfe 10 na dare, an shiga bargo, ta sāke saukowa. Ran Asabar da Lahadi, da ya ke iyali suna gida, a ba ta wani tsari dabam.

Wani zai ce, "Ashe ba asara ba ce? In gida ya huce, ai sai an ƙone mai da yawa kafin ya sāke ɗumi." Ba haka ba ne. Ku tuna da randa mai tsaguwa a gindi. In ta cika fal, yoyo yana da ƙarfi. In ruwa ya yi ƙasa, yoyo ya ragu. Haka zafi ya ke zurarewa ta bango da taga da rufi. Gwargwadon yadda ciki ya fi waje zafi, gwargwadon saurin zurarewarsa. Awa takwas da gida ya yi a huce, asararsa kaɗan ce, abin da aka rage kuwa ya fi wanda za a ƙone wajen tā da shi.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce wanda ya rage digiri 4 zuwa 6 na tsawon awa 8 kowace rana, yana iya rage har kashi 10 bisa 100 na kuɗin da ya ke kashewa wajen ɗumama gida da sanyaya shi a shekara.

Wahala ce ta koya musu

A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. A 1977, cikin wani mugun hunturu da ƙarancin gas, Shugaba Jimmy Carter ya roƙi Amurkawa su sa tamostat a wajen digiri 18 da rana, 13 da dare. A 2022 kuma, da yaƙin Rasha da Yukren ya sa gas ya yi tsada, gwamnatin Jamus ta hana ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19 a hunturun nan. Digiri ɗaya ba a bakin kome ya ke ba a gida guda, amma a gida miliyan abu ne babba.

Na'ura ba ta fi mai ita ba

Ga inda darasin ya ke. Mutane da yawa sun sayi mai agogo, suka kafa, amma kuɗin wutarsu bai ragu ba. Waɗansu ba su taɓa saita agogon ba. Waɗansu sun ga maɓallan sun yi musu wuya, suka danna na "tsaya a nan", suka manta. A ƙarshen 2009 hukumar kare muhalli ta Amurka ta daina ba irin waɗannan na'urori tambarinta na Energy Star, domin ba a ga tabbacin ragin da aka zata ba. Daga 2011 aka fara sayar da Nest, mai koyon lokutan fita da komowar mutanen gida da kanta. Duk da haka ka'idodin ba su sāke ba:

1. A kafa ta a bangon ciki, nesa da rana, da murhu, da ƙofa mai iska. In ba haka ba za ta auna ƙarya.
2. Murɗa ta zuwa 30 ba ya sa ɗaki ya yi ɗumi da sauri. Sai dai wuta ta zarce inda a ke so.
3. Kada tsimi ya zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce digiri 18 ne ya dace ya zama mafi ƙasa a gida lokacin sanyi, tsofaffi da jarirai da marasa lafiya kuwa suna iya bukatar fiye da haka.
4. Mai tafiya kada ya kashe wuta ƙurmus. In ruwa ya daskare, bututu yakan fashe.

Inda abin ya shafe mu

Ba mu ɗumama gidajenmu da bututu, amma muna ɗumama ƙwai da 'yan tsaki. Ƙwan kaza yana bukatar wajen digiri 37 da rabi har kwana 21. Tamostat ce ke riƙe wannan a cikin inji. In ta lalace dare ɗaya, jarin ƙungiya na iya tafiya. Don haka a ajiye ma'aunin zafi dabam a ciki, a riƙa gwada su safe da yamma.

'Yan tsaki kuma suna da nasu tsari. Makon farko digiri 32 zuwa 35, sa'an nan a rage wajen digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe su. Wanda ya bar kaskon gawayi ko fitila da ƙarfinta na makon farko har mako na huɗu, ya ƙone kuɗinsa, ya kuma wahal da tsakinsa. Inda ba na'ura, mai kiwo ne agogo, tsaki ne ma'auni. In sun cunkushe jikin wuta, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun watsu suna ci suna sha, daidai ke nan. Da hunturu, sanyin asuba ne ya fi kashe su, a leƙa su a lokacin. A bar ƙofar iska kuma, gama hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe tsaki da mutum.

Shawararmu ga kowace ƙungiya mai kiwon kaji ita ce, a taronku na gaba ku rubuta tsarin zafi na mako mako a takarda, ku manna a ƙofar ɗakin tsaki, ku kuma zaɓi wanda zai riƙa dubawa yana rubutawa.