Masaƙar da ake ɗaurawa a ƙugu

Yau shirin namu ya nufi tsaunukan arewacin Tailan, a lardunan Chiang Mai da Mae Hong Son, inda al'ummar Karen ke zaune, su da 'yan uwansu da ke tsallaken iyaka a Miyanma. Manoman shinkafar tudu ne, matansu kuwa masaƙa ne tun kaka da kakanni.

Masaƙar tasu abin kallo ce. Mace takan ɗaura bakin zaren a jikin ginshiƙin ɗaki, ɗaya bakin kuma a ƙugunta da maɗauri, ta zauna ta miƙe ƙafa. In ta jingina baya zare ya ɗaure, in ta sunkuyo ya saki. Faɗin ƙyallen ba ya wuce inda hannunta ke kaiwa, sai an haɗa biyu ko fiye kafin a sami riga, kamar yadda ake haɗa saƙi a ƙasar Hausa. Rigar kuma tana faɗin matsayin mai ita. Budurwa doguwar farar riga take sawa. Ranar da ta yi aure sai ta koma gajeruwa mai duhu, wadda aka yi wa ado da ƙwayoyin wata ciyawa, farare masu sheƙi. Wannan masaƙa, jama'a, sana'a ce ta ci da kai, domin ba ta bukatar lantarki ko shago ko jari mai yawa. Ana naɗe ta in aikin gona ya taso, a warware ta bayan girbi, mace na saƙa tana lura da 'ya'yanta. Shi ya sa har a sansanonin gudun hijira na bakin iyaka, inda babu gonar nomawa, ƙungiyar WEAVE da aka kafa a 1990 ta kama saƙa a matsayin hanyar samun kuɗin mata.

Wani zai ce yadin kamfani ya fi araha, kuma riga guda kan ci kwanaki ana saƙa ta. Gaskiya ne. Amma mai sayen saƙar hannu da rinin baba ba araha yake nema ba, aikin yake saye. Asarar tana wajen dillali, wanda ke saye da arha a ƙauye ya sayar da tsada a birni. Inda mata suka haɗa kai suka yanka farashi da kansu, ribar takan dawo gida. Wani kuma zai ce 'yan yawon buɗe ido sun sa ana saƙa jaka da mayafi maimakon rigar gado. To, wannan cinikin ne ke sa yarinya ta ga amfanin zama ta koya a wajen mahaifiyarta.

Lokaci ya ƙure mana. Duk mai son sana'ar nan ta ɗore, ya biya masaƙiya haƙƙin guminta.